Kantar Babanmu a Ƙofar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar jeren Yaya Adiza ba, ko da kuwa ina so in manta. Sati uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ji ana jan benci a ƙasa sai in ɗaga hannu in kare kaina kamar wadda za a maka wa taɓarya. Mma ta ce in rubuta ko zuciyata ta sauka. To, ga shi ina rubutawa.

Bari in fara da katakon, don shi ne tushen magana.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da shagon hatsi da albasa a nan Zongon Lome. Bayan rasuwarsa aka zo faɗaɗa hanya aka rushe shagon. Abin da muka tsira da shi katakai ne: allunan da yake jera kaya, da ƙyaure guda, da kuma kantar da yake tsayawa a bayanta, falle ɗaya na maɗaci, mai kauri da faɗi. Aka jibge su a bayan tsakar gida aka rufa da tsohon kwano. Damina uku suna nan. Ni dai a wurina itacen girki ne, har na taɓa faɗa wa Mma haka. (Kallon da ta yi mini ranar, da kallo yana ƙona mutum da yanzu toka ce ke ba ku labari.)

Da aka sa ranar auren Yaya Adiza, sai maganar kayan ɗaki ta taso. Dangin ango 'yan unguwar Totsi ne, masu gidan bene, irin waɗanda komai nasu sai an ce daga jirgi aka sauke shi. Ni na so a sayo kabad ɗin talabijin na zamani, fari mai ƙyalli. Yaya ta ce a'a. Ta ce ita kantar Baba take so ta bi ta gidan miji. Sai Mma ta aika aka kira Baba Salifu.

Baba Salifu kafinta ne, aminin babanmu tun suna samari. A Kumasi ya koyi aiki, rumfarsa kuma tana unguwar Bè, a wani lungu da ke bayan masu walda. Tsoho ne siriri, gwiwa ɗaya ta ƙi shi, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Ranar da ya zo ya yaye kwanon nan, ban ga abin da ya gani ba. Ni ƙura na gani da kashin ɓera da tsatsar ƙusa. Shi kuwa tsugunawa ya yi yana ƙwanƙwasa kowane allo da bayan yatsa, ya kara kunne.

Na ce, “Baba, sallama kake yi musu?”

Ya ce, “Tambaya nake, ko gara tana ciki. Wanda ta ci, muryarsa ta mai yunwa ce. Saurara.” Ya buga ɗaya, ya ce ƙwas. Ya buga kantar, ta ce dum, kamar ganga. Ya shafa wani ɗan kwarmi da ke gefenta. Sannan ya ce, “Nan gwiwar hannun babanku take zama. Wannan falle ba zan sa masa zarto ba. Yadda yake haka zai shiga aiki.”

Sau uku na kai masa abinci Bè a farkon aikin, kuma duk ranar da na je sai in zauna in kasa tashi. Ƙusoshin da ya zare bai yar da ko ɗaya ba, miƙe su yake a kan dutse ya zuba a gwangwanin madara. Inda allo ya gaza, sai ya cike da katakon da ake ɗora kaya a kai a tashar jirgin ruwa, wanda ake zubarwa bayan an sauke. Gilashin ƙofofin kuwa daga tagar wani tsohon gida ya samo. Ya kankare baƙin da ke saman maɗacin nan, sai ga ja ya fito, ja mai duhu kamar zoɓon da bai sha ruwa ba. Rumfar duk ta ɗauki ƙamshi. Na ce a raina, wannan tsoho ba ƙaramin mutum ba ne.

Amma sha'awar aikin mutum daban, jin maganarsa daban.

Ran nan ya miƙo mini sanduna biyu, dogaye, ya ce, “Auta, gwiwata ba ta hawan bene, kuma bai kamata namiji ya riga mata shiga ɗakin amarya ba. Ki je Totsi. Wannan ta bango ce, ki auna inda kabad zai tsaya, ki yi tsaga da wuƙa. Wannan kuma ta ƙofa ce, faɗinta da tsayinta. Kaya ba tsuntsu ba ne, sai an auna hanyar da zai bi.”

Na ce, “Baba, ai akwai mita. Santimita nawa ne kawai in rubuto maka.”

Ya ce, “Lamba tana sauya riga a hanya. Sanda ba ta sauyawa.”

Na karɓa na ce to. Amma ina fita na fara tunani. Ni, da na yi lise, wato sakandare, har ajin ƙarshe, in hau zemijan (mashin ɗin haya ke nan, ga wanda ba ɗan Lome ba) da sanduna biyu a kafaɗa kamar mai kiwon awaki, in sauka a ƙofar gidan surukai? Ga Nadiya ƙanwar ango, ajinmu ɗaya a da, mai bakin tsiya. Sai na soke sandunan a bayan randar Mma, na ɗauki tef ɗin ɗinkinta na jefa a jaka.

A Totsi na auna bango tsaf, na rubuta a waya, ina yi ina zuba wa Nadiya Faransanci don ta san ba a banza na zauna a aji ba. Muka shiga hirar ankon biki, muka sha lemo, ta rako ni har titi. Sai da na dawo gida na gama mayar da awon bango a kan sandar farko, na ɗauko ta biyu, sannan na tuna ban ko kalli ƙofar ɗakin ba.

Abin da mai hankali zai yi a bayyane yake: ya koma. Ni kuwa na ce, in koma in ce wa Nadiya me? Ai ƙofa ƙofa ce. Na ɗauki sandar na kara a ƙofar zaurenmu, na yi tsaga biyu da wuƙar yanka kuɓewa, na hura ƙurar, na ji ni gwana.

Washegari na kai wa Baba Salifu. Ya duba ta bango ya ajiye. Ya ɗauki ta ƙofa, ya bi ta da babban yatsa har zuwa tsagar, ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Auta, ƙofar ɗakin amarya ce wannan?”

“Ita ce, Baba.”

“Masha Allah. Mutanen Totsi suna da yalwa.” Ya sake cewa, “Kin tabbata?”

Na ce, “Wallahi…” sai na haɗiye sauran, na ce, “Na tabbata.” Ya ce to, ya jingine ta. Daga ranar ban sake zuwa Bè ba, na ce hidimar biki ta yi mini yawa.

Ranar Laraba ta satin biki na dawo daga kasuwa na tarar da mata cike da falon Mma, ana ta salati. Baba Salifu ya kawo kabad tun da hantsi ya tafi. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sama siriri ne, da gurbin talabijin a tsakiya da ƙofofin gilashi hagu da dama. Ƙasa kuwa mai zurfi ne, inda za a jera kwanuka da na'urar sauti, kantar Baba a shimfiɗe a kai tana sheƙi, kwarmin gwiwar hannunsa yana nan. Babu kan ƙusa ko ɗaya da ido zai gani. Gwaggo Asibi, ƙanwar babanmu, ta ɗora tafinta a kwarmin nan ta fashe da kuka. Yaya Adiza ma haka. Mma ta ce saƙon Baba Salifu ɗaya ne: kada kowa ya motsa shi, shi da kansa zai kai Totsi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ranar Alhamis muka je wanke ɗakin amarya. Ina hawa benen, ina kaiwa saman matakala, na ga ƙofar. A wannan karon na gan ta da kyau. 'Yar siririya ce, ni kaina da bokiti a hannu sai da na karkata. Na tuna faɗin kantar Baba. Na zauna a kan matakala, Nadiya tana tambayata, “Ça va? Lafiya?” ina ce mata jiri ne.

Nan ma hanya a buɗe take: in je Bè in faɗi gaskiya. Amma tsoro mugun mashawarci ne. Abin da ya raɗa mini shi ne, in riga Baba Salifu kai kabad ɗin. In an karkata shi, an ɗan matsa, an ɗan tura, ai zai shige, in ya zo ya tarar da shi a ciki, shi ke nan asirina ya rufu. Har lokaci na zaɓa: sa'ar da maza duk suke masallaci.

Juma'a da rana na ce wa Mma Baba Salifu ya aiko a yi gaba da kaya. (Ƙarya ta biyu ke nan, ga mai lissafi.) Na kira Fo Kossi, wani ɗan ƙabilar Ewe mai keken ɗaukar kaya da ke tsayawa a bakin layinmu, ya zo da abokin aikinsa, ƙato kamar shi. Suka ɗaga kabad suna nishi, ya fita ta ƙofar zaurenmu salin alin, har da sauran wuri. Na ce a raina, ka gani!

A Totsi mun tarar mata sun riga sun hau sama ana jere. Gwaggo Asibi tana ciki da mata biyu na wajenmu, ga kuma Hajiya Memuna, yayar uban ango, mace mai jiki da murya, wadda ta zo ganin abin da 'yan Zongo za su kawo. Fo Kossi ya hau ya dubi ƙofa, ya sauko ya dubi kabad, ya ce da ni da Hausarsa ta kasuwa, “Davi, wannan ba shiga.” (Davi haka suke kiran budurwa da yarensu.)

Na ce, “Zai shiga. An auna.”

“Wa ya auna?”

“Ni.”

Ya ɗaga kafaɗa. Suka kwantar da kabad a gefensa, kai a gaba, suka hau da shi da ƙyar. Kan ya shige ɗaki lafiya. Da aka zo gindin, inda kantar take, sai ya ce ƙi. Fo Kossi ya ce a koma da baya. Ni kuwa ina ƙasa da su a kan matakala, na sa hannu biyu ina ihu, “Ku tura! Poussez! Saura kaɗan!” Suka tura. Aka ji wani ƙara, ƙiiiƙ, siminti ya zubo. Kabad ya cije a bakin ƙofa, rabi a ciki, rabi a waje yana reto a saman matakala.

Daga ciki muryar Hajiya Memuna ta fito: “Wai me ke faruwa ne? Kun toshe mu!”

Fo Kossi ya ce a ja baya a hankali. Suka ja, bai motsa ba. Suka sake ja da ƙarfi, sai ya suɓuce kamar taki ɗaya, gindin ya yo ƙasa, kaina.

Abin da na sani shi ne na durƙushe, bayana ya bugi ƙarfen matakala, duhu ya rufe ni. Na buɗe ido na ga jan katako a gaban hancina, kusa har ina ganin sawun wuƙar da Baba yake yanka igiyar buhu. Fo Kossi ne ya tare shi da kafaɗa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, yana ce mini, “Fita! Davi, fita!” Ni kuwa ina nan a durƙushe. Kalmar shahada ma rabinta na iya. Sai abokinsa ya jawo ni ta ƙafa kamar buhun gawayi, ɗankwalina ya tsaya a can. Da ba don kafaɗar bawan Allahn nan ba, da makokina aka yi a madadin biki.

Aka kawo turmi da benci aka tokare gindin. Kabad dai ya sake cijewa, ba gaba ba baya. Mata huɗu a kulle a ɗaki, tagar kuma da ƙarfe. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Hajiya Memuna ba a ganinta, sai dai murya tana fitowa ta cikin kabad, har wata mata a ƙasa ta ce, “Kai, kayan Zongo da albarka, tun ba a sa rediyo ba ya fara magana.” Aka kwashe da dariya. Ni ina rakuɓe a gefe.

“Ko azahar ban yi ba!” in ji Hajiya. “Alwalata ma tana neman tafiya! Ku nemo zarto a yanke wannan abu. Dama tsohon katako ne, me za a yi asara?”

Sai na ji Gwaggo Asibi, murya ƙasa-ƙasa: “Hajiya, kantar yayana ce.”

“Allah ya jiƙansa. Amma ba a kabarinsa za mu kwana ba. A kawo zarto!”

Wani maƙwabci ya kawo. Na ga haƙoran zarton nan sun doshi gefen kantar, daidai wajen kwarmin. Ban san lokacin da na tashi ba. Na rungume katakon, ba ɗankwali, fuska duk siminti da majina, ina kururuwa, “Kada ku yanka! Ku yanka ni!” (Nadiya ta ce haka na ce. Ni ban tuna ba, amma ba na musu.)

Ana cikin haka aka ji sallama daga ƙofar gida. Baba Salifu ne, da farar rigarsa ta Juma'a da carbi, ya je Zongo aka ce masa kaya sun yi gaba. Bai yi sauri ba. Ya gaisa da mutanen tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ya hau matakala yana jan gwiwa, ya ce wa mai zarto, “Sannu da ƙoƙari, ɗan ajiye shi tukuna.” Ya kara baki a jikin kabad ya ce, “Hajiya, barkanmu da Juma'a. Ya iyali?”

“Malam, iyali suna waje, ni ina ciki!”

“Yanzu za ki fito, in sha Allahu.”

Ya dube ni, ya ce, “Kin ji ciwo?” Na girgiza kai. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ɗauki ɗankwalinki ki shimfiɗa a hannu.” Ya zaro 'yar gudumar katako da wani siririn ƙarfe daga aljihu. Ya sa Fo Kossi da abokinsa suka riƙe gindin. Ya laluba ƙarƙashin kantar, ya buga, tak, tak. Sai ga wani ɗan turken katako kamar yatsa ya fito. Ya ajiye mini a ɗankwali. Ya sake bugawa. Guda shida ya ciro. Sannan ya ce, “To, ku ja a hankali.”

Gindin ya rabu da kan kamar an buɗe kwano. Kantar ta fito ita kaɗai, falle guda, ko ƙwarzane babu sai ɗan farin siminti a gefe. Ashe kabad ɗin gida uku ne, turakun nan ne suka riƙe shi. Aka shigar da kowanne a karkace, Hajiya Memuna ta fito da gudu ta nufi bayi, kafin ta idar da salla Baba Salifu ya mayar da turakunsa. Kabad ya tsaya a bango daidai wa daida, kamar a nan aka haife shi.

Hajiya ta dawo ta tsaya a gabansa. Ta buɗe ƙofar gilashi ta rufe, ta sake buɗewa. Ta shafa kantar. Ta ce, “Ba ƙusa?” Ya ce babu. Ta ce, “Wallahi na ga kaya, ban ga irin wannan ba. Malam, na janye maganar tsohon katako.” Sai ta juyo. “Amma wa ya auna ƙofar nan?”

Baba Salifu ya ce, “Hajiya, ai ya shiga, magana ta ƙare.”

Ya ba ni hanyar tsira ke nan. Amma na gaji. Na ce, a gaban dangin ango da Nadiya da Fo Kossi da ke share gumi, “Ni ce. Ban auna ba. Na ji kunyar ɗaukar sanda, na manta da ƙofa, na je na auna wata na kai masa.”

Baba Salifu ya ce, “Ƙofar zaurenku.”

Na ɗago kai.

“Ni na yi ta, Auta, shekarar da aka haifi Adiza. Babanki ya ce in faɗaɗa ta yadda buhun albasa biyu za su wuce a jere. Duk Lome babu ɗakin kwana mai irin wannan ƙofa. Yatsana yana kaiwa tsagar na gane ta.”

Dariyar da aka yi, har mutanen tsakar gida sai da suka tambayi abin da ya faru, aka sauka aka ba su labari, suka yi tasu. Ni kuwa na ce cikin kuka, “To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya ce, “Na tambaye ki sau biyu. Da na aiko wani ya sake awo, da gidan nan sun san 'yar aminina ta yi ƙarya tun ba a ɗaura aure ba. Sai na yi shi yadda ko ƙofar akurki ce zai shiga, na ce a jira ni. Jiran ne kawai aikinki.”

Wannan kalma ta fi kantar nauyi.

Yaya Adiza ta tare, kabad yana ɗakinta, an ce duk baƙuwar da ta shiga sai ta sa gwiwar hannu a kwarmin nan ta gwada. Hajiya Memuna ta aika wa Baba Salifu tsofaffin ƙyamaren gidan mahaifinta ya yi mata irinsa. Fo Kossi, na kai masa tuwo da miyar kuka har sau biyu, kuma duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya, “Davi! An auna?” Yaran layinmu sun ɗauka. Sunana ke nan yanzu a Zongo.

Da za a auna ɗakin Hajiya, ni Baba Salifu ya sake aika. Na hau zemijan da sanduna biyu a kafaɗa tun daga Bè har Totsi, ina ba mutane haƙuri a kowace kwana. Na auna bango, na auna ƙofa, na auna matakala, har ƙofar bayi na auna don kada a ce.

Abin da na koya? Zan so in ce na daina ƙarya gaba ɗaya, amma Mma za ta karanta wannan, kuma ta san ni. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne: in tsoho ya ba ka sanda, ɗauki sandar. In kuma shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi wa kafinta ƙarya, to don Allah kada ka kai masa awon ƙofar da shi ya yi da hannunsa.